Sallamar da Ban Amsa Ba

Yau ina jiran kwale-kwale zuwa gonar shinkafa, maƙwabcina Baba Habu ya riƙo hannuna, ya ɗaga murya.

"Garba, me na yi maka? Jiya sallama uku na yi a ƙofarka, ka ƙi amsawa, na juya."

Tun da na gama allurar tarin fuka jina ya ragu. Kukan gyare kawai ke cikin kunnena, ba dare ba rana.

Na ce, "Baba, ina ciki. Ina zaune ina ganin kowa ya daina zuwa wajena."

Ya kau da kai ya faɗi wani abu. Ban ji ba.

Jama'ar Haɗeja, in kun zo ku buga ƙofar da ƙarfi. Cikinku wa ya taɓa juyawa yana fushi da ni?