Magewayi a Zauren Babana

Ranar gayyar gonar Malam Audu ce. Da sassafe maza suka saɓi fartanya suka bi makaɗa can bayan rafi. Ƙauyenmu, kusa da Daudawa, ya rage daga mata sai yara da tsofaffi. Ni ina dakan furar masu gayya, ɗana ƙarami yana wasa a gefena. Baba yana zaune a bakin garke, ƙafarsa a kumbure.

Sale bai je ba, wai zazzaɓi. Baƙo ne, tun bazara ya zo neman ƙodago. Baba ya ba shi zaure, suna ci akushi ɗaya, har ya koya masa sunayen shanunmu. Ni ke kai masu tuwo. Nakan yi masa tsiya kan yawan tambaya: wa ke da bindiga, yaushe za a yi gayya. Sai dai ya yi dariya.

Da hantsi na ji ƙarar bindiga. Kaji suka watse. Wasu mutane suka fito daga cikin dawa, fuskoki a naɗe.

"Kowa ya kwanta!"

Muka kwarma ihu. Gangar noma tana tashi bayan rafi, ta danne muryarmu. Ba wanda ya ji.

Na leƙa ta danga. Ɗayansu ya tsaya a bakin garke ya kira Kyalla, uwar garken, yana jan sunan yadda Baba ke ja. Ta fito, sauran suka bi ta. Ko sanda bai ɗaga ba. Baba ya ja jiki ya kama ƙafarsa, ya ce, "Sale." Da ya yi shiru, da sun ƙyale shi. Bindiga ta sake tashi.

Na goya ɗana na faɗa cikin dawa. Ganye na yankar fuskata, har azahar ban daina jin gangar ba. Da la'asar na isa Daudawa. Wata tsohuwa ta ba ni ruwa, ta saurare ni, ta ce, "Ai magewayi kuka ciyar, 'yata." Ta ce haka ake kiransu tun zamanin hari: wanda ake turowa ya zauna cikin mutane, ya ci da su, ya bi su salla, yana lura da ƙofofi.

Yanzu nakan ji ana ce wa yaro mai leƙe-leƙe magewayi, da wasa. Ba na iya dariyar.

Shanu, yayyena sun sake tarawa. Baba yana kwance a kabarinsa bayan garke. Akushin yana nan ƙarƙashin gadona. Ban fasa shi ba, ban kuma sake zuba wa kowa a ciki ba.