Malam Almu, Mai Ba Iska Hanya

Azahar ta gota, zafin bazara ya kwantar da kaji a Daudawa, amma Malam Almu magini yana zagayensa na kullum, yana shafa katangun da ya gina. Ba mai kiransa aiki yanzu. Tun da arzikin fetur ya shigo, kowa bulo da kwano yake so.

Da can, in aka nuna masa fili, ba ya taɓa tubali sai ya kunna 'yar ciyawa ya zauna yana kallon inda hayaƙi ya nufa. Ta inda iska ke zuwa ya bar taga ƙasa-ƙasa, a bangon da ke kallonta ya huda wata can kusa da azara. Yakan ce zafi sama yake hawa, in bai samu ƙofa ba ya dawo kan mai ɗaki. Da sanyi a cusa tsumma a ta ƙasa, a bar ta sama ta sha hayaƙin wuta. Mutanen Damari har yau suna zancen soron da ya yi musu, wai randa ma ta fi sanyi a ciki.

Kai ne, Baba Almu, ka sa muka yi ƙuruciya ba mu san ɗaki na dafa mutum ba. Sai yanzu muke marmarin wannan sanyin. Allah Ya saka maka. Masu ginin zamani, don Allah ku zauna kusa da shi tun yana nan.

A zagayen ran nan ya tarar da Iya Baraka, tsohuwa mai ciwon numfashi, a ƙofar gida tana haki. Ɗanta Zailani da ke aiki a Kaduna ya rushe ɗakinta na ƙasa ya yi mata na bulo, tagogin gilashi biyu duk suna kallon hanya don masu wucewa su gani. Ta ce ba ta son ɓata wa yaron rai, amma in ta shiga sai ƙirjinta ya toshe.

Malam Almu ya leƙa, ya fito yana share gumi.

"Iya, wanga ai tanda ce. Waina zai toya da ke?"

"Kai dai tsufa bai hana ka tsiya ba," in ji ta.

Ya je ya ɗauko guduma da tsani. Duk da tsufansa ya hau bangon baya, wanda ba a gani daga hanya, ya cire bulo biyu a ƙarƙashin kwano. Labulen ƙofa ya motsa. Iya ta shiga wai ta gwada kwanciya.

Kafin ya gama kwashe ɓaraguzai, barci ya ɗauke ta, numfashinta na fita a hankali. Matar Zailani ta zo za ta tashe ta, ya hana ta, ya saɓa tsaninsa ya fita.