Kanwar da ban soka ba

Mahaifina shi ne mai duba kanwa a kasuwar Maigatari. Duk kayan da ya sauko daga arewa, ba a kasa shi sai ya bi ta hannunsa. Yana da wani dogon tsinken ƙarfe da yake sokawa har gindin buhun kaba, ya zaro, ya lasa. Sannan ya ɗebi kaɗan daga ƙasa ya jiƙa a ƙwarya, ya jira ya ga ko yashi zai kwanta. In kaya ya yi, sai ya ɗaure bakin buhun da wani ƙulli na jan zare wanda gidanmu kaɗai ke yin irinsa. Mai saye in ya ga ƙullin nan, ba ya ko kwancewa.

Da idonsa ya mutu, aikin ya dawo hannuna. Shi dai yana zuwa ya zauna a rumfa, ni nake sokawa, ni nake ɗaurewa. Lokacin ina da mata da 'ya'ya biyu, na kuma je Kano sau ɗaya na ga jirgin ƙasa, saboda haka ina jin duk ƙasar Gumel babu wanda ya kai ni wayewa. Wautar da na yi ba ta ƙuruciya ba ce, ta girman kai ce.

A shekarun nan Nasara sun riga sun raba ƙasa, Faransa can, Ingilishi nan, kuma fatake sun fara zuwa da takardar duwan, wato ta masu tsaron iyaka. Wata ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina, wani madugu ya sauke buhu goma sha biyu, ya miƙo mini takarda mai hatimi har biyu.

"Nasara ya riga ya duba," in ji shi. "Kai kuma za ka huda mini buhu?"

Ban iya karanta ko baƙi ɗaya a cikinta ba, amma na juya ta kamar na iya. Na buɗe bakin buhu guda, jar kanwa ce mai kyau. Mahaifina ya ce daga rumfa, "Ban ji ƙarar tsinke ba."

Na ce, "Baba, wannan mai takarda ce."

Na ɗaure duka sha biyun.

Wani Arɗo, abokin mahaifina tun suna samari, shi ya kwashe su. Ba don kansa kaɗai ba: rugage da yawa suka wakilta shi, za su yi arewa da shanu, inda babu kasuwa sai tafiyar kwanaki. Da ɗaya daga mutanensa ya kai hannu zai kwance, Arɗo ya buge hannun. Na gani da idona, har na ji daɗi.

Sai da kaka ta yi Arɗo ya dawo. Ya sa aka sauke buhu ɗaya a gaban rumfarmu, gaban sarkin kasuwa da jama'a, ya farke shi da wuƙa. Kanwar ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Sauran duk yashi ne da ɓurɓushin farar ƙasa. Daga baya wani tafinta ya gaya mini abin da irin takardar nan take faɗa: yawan raƙuma, da ranar da suka wuce. Babu wanda ya taɓa leƙa cikin buhu.

Arɗo bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya durƙusa kusa da mahaifina ya ce, "Malam, shanunmu sun yi damina suna lasar ƙasa. Wannan ma da sauƙi. Ni na ce wa mutanena kada su buɗe. Yanzu ko ruwa na nuna musu, sai sun aika wani ya gano."

Sarkin kasuwa ya ɗaga jan zaren ya tambaya, "Hannun wa ne wannan?"

Kafin in buɗe baki, mahaifina ya ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Tsufa ne. Yaro ya ce a soka, na hana."

Ni ne yaron, da gemuna. Kalma ɗaya ta ishe ni in gyara maganar. Na dubi jama'a, na tuna matata, na tuna yadda za a riƙa nuna ni da baki, na sunkuyar da kai.

Aka bar mini aikin, aka ce tsoho ya huta a gida. Bai sake taka kasuwa ba, Arɗo kuma bai sake taka zaurenmu ba. Mahaifina bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko a fuska, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ina kai masa fura ya sa mini albarka, in fito ina jin haushin kaina kamar in mari fuskata.

Ranar jana'izarsa na hango Arɗo a sahun baya. Da aka watse na bi shi na gaya masa gaskiya duka. Ya dube ni ya ce, "Shekara huɗu ina fushi da mutumin da bai yi mini komai ba. Me ya hana ka zuwa jiya?"