Ranar da Auduga Ta Narke a Hannun Mahaifiyata

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a kwaleji a nan Zuru, aka ba ni aikin kammalawa: in mayar da auduga garin da ke narkewa a ruwa ya yi kauri, irin wanda ake sa wa man goge baki. Ana jiƙa audugar da soda da sifirit, a zuba wani sinadari, a ɗumama, a wanke.

Sau biyu ina yi, auduga na fitowa yadda ta shiga, tana yawo a kwalba kamar tana yi mini dariya. Malaminmu ya ce sinadarin da ya rage na gwaji ɗaya ne. In ya lalace, sai baɗi.

Na koma gidanmu a unguwar Rikoto. Mahaifiyata, wadda ta yi shekaru tana kaɗi da rinin zare, ta karɓi ragowar audugar ta murza, ta jefa a ƙwaryar ruwa. Audugar ta tsaya a sama, ko jiƙewa ba ta yi ba.

"Wagga ɗanya ta, da maiƙonta," in ji ta. "Ko rinin baba ba ya kama ta sai an dahwa ta da ruwan toka. Mi suka koya maka can?"

Ni mai farar rigar ɗakin gwaji, har na buɗe baki zan yi mata turanci, sai na haɗiye. Ta tace toka, ta dafa audugar a tukunyarta, ta shanya.

Ranar gwajin ƙarshe na kai audugar da ta dafa kwaleji, na sarrafa ta da ragowar sinadarin har ta zama gari. Da na barbaɗa garin a ruwa na juya, ya ɓace ɓat. Ruwan ya yi kauri, garai-garai, kana hango yatsanka ta bayan kwalbar. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi.

Na kawo mata kaɗan gida. Ta tsoma yatsa ta ɗaga, abin ya biyo ta da yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ta daɗe tana kallo.

"Ina audugar ta tai?"

"Tana ciki, Inna."

"Ikon Allah! Tun ina yarinya nike taɓa ta, ban san tana iya zama ruwa ba."

Na ci jarrabawa. A rahotona akwai layi ɗaya da ya ce an dafa audugar a ruwan toka. Malamin ya ja masa layi, ya tambaye ni littafin da na samo shi a ciki. Kunya ta sa na yi shiru, kuma har yau shirun nan yana cina. Da yanzu ne, sunanta zan rubuta.