Fitowar Ƙarshe Da Na Karanto Daga Ka

Ni dai tsohon mai buɗe ƙofar ruwa ne a gonakin rani na Goronyo. Na ƙare ƙuruciyata ina raba ruwa tsakanin masu albasa da masu shinkafa, kowa na zagina da lokacinsa. Boko kuwa na yi ta har aji shida, wanda a zamaninmu ya isa mutum ya saka biro a aljihu ya riƙa gyara wa mutane magana. Da na aje aiki sai ɗiyana sunka saya mani wayar shafawa, wai don in rage yawo. Ban rage ba, sai dai yawon ya koma cikin waya.

Maƙwabciyata wata malama ce Kirista, daga wata jiha anka kawo ta tana koyar da Hausa a sakandaren 'yan mata. Ita ta saka ni wani zaure na waya inda malaman Wurno da Rabah da Goronyo ke nazarin wasannin kwaikwayon wani tsohon marubuci da ya daɗe da rasuwa. Dalili kuwa, na taɓa gaya mata cewa muna firamare mun yi ɗaya daga cikin wasannin, ni na fito a dillalin da ya ci amanar mutanen gari. Tunda rubutu a waya na ba ni wahala, sai na riƙa aika murya. Cikin mako biyu na zama Baba na zaure. Masu digiri na tambayata yadda anka yi wasan a da, ni kuma ina gyara murya ina ba da fatawa daga gindin darbejiya.

Wata rana malamar ta rubuta cewa kwafin da makarantarsu ke da shi hoto ne anka ɗauka, kuma fitowar ƙarshe ba ta fito ba, ga shi za ta kai ɗalibanta gasar kacici-kacici a Wurno. Kafin wani mai littafi ya motsa, na riga na aika murya mai tsawo. Na karanto fitowar daga ka, yadda dillali ya durƙusa gaban alƙali ya tuba ya mayar da kayan mutane, har da kukan da na yi a lokacin. Anka yi ta tura mani hoton tafi. Wani malami daga Achida ya ce shi kamar ba haka ya tuna ba, na tambaye shi ko an haife shi sa'ad da nake kan dandali. Ya ce Allah ya huci zuciyar Baba.

Ga inda laifina yake. Tun ina aika muryar na tuna cewa waccan fitowar ba daga littafi munka haddace ta ba. Daga wani littafin rubutu ne na hedimastanmu, da hannunsa. Littafi ɗaya gare mu duk makarantar, gara ta cinye bayansa, shi kuwa mutum ne da ba ya barin mugu ya tafi ba hukunci, sai ya ƙaga nasa ƙarshen. Na tuna sarai. Amma tafin ya yi mani daɗi, na ce a raina ai mi zai bambanta, marubuci ma dole haka ya ƙare.

Ashe ba haka ya ƙare ba. A littafin, dillalin tserewa ya yi da kayan, anka bar mutanen gari suna zargin juna. Ranar gasa anka yi wannan tambayar, ɗalibarta ta ba da amsata, alƙalin gasa ya ce ba daidai ba. Malamar ta miƙe gaban jama'a ta ce daidai ne, tana da shaida daga wanda ya yi wasan da kansa. Sai anka buɗe littafin anka karanta mata. Da ma akwai masu gunagunin cewa wadda ba ta sha Hausa a nono ba ba ta isa ta koyar da ita ba. Ba a yi wata guda ba anka karɓe ajin daga hannunta anka ba ta 'yan aji ɗaya.

Na shiga gidanta na gaya mata gaskiyar hedimasta da gara. Ta saurara har na gama, ta ce ba komai Baba, ita ce ba ta bincika ba. A zaure ma ba ta ambaci sunana ba. Ni na aika murya na faɗi abin da na yi, wanga karon gajera, ba wanda ya tura tafi.

Abin da na koya shi ne, tsufa ba littafi ba ne, kuma yaran yanzu na jin nauyin furfura har su kasa ce mata ta yi kuskure. 'Yan uwana tsofaffi masu waya, in an tambaye ku abin da kunka sani rabi, ku faɗi rabin ku ce nan ya tsaya. Ku kuma malamai, ku buɗe littafi ko da mai maganar ya girmi ubanku. Malamar har yau tana gaishe ni da ladabi kowace safiya, tana aiko mani da tuwo ranar Kirsimeti. Amma ba ta ƙara tambayata komai ba, ko da wace rana ce kasuwar Goronyo ke ci.