Kansilan da Aka Saya wa Gafaka

Bana shekara goma sha shida ke nan da Ubangiji ya ɗauki maigidana Bitrus, wanda unguwa ta fi sani da Baban Rahila. 'Ya'yanmu suka ce wannan karon kada in tsaya ga addu'ar cikin ɗaki kawai, in rubuta wani abu a kansa. Na zaci shekarun da ya yi a masaƙa a Kakuri ne za su fara zo mini, ko kuwa jinyarsa. Da na ɗauki biro sai na ga shekara ukun da ya yi yana kansila ne suka tsaya mini a rai.

Lokacin da soja suka shirya komawa bariki, da zaɓen ƙananan hukumomi aka fara. Mu a unguwarmu, can ƙasan Sabon Tasha, damuwarmu ɗaya ce: rafin da ya raba mu da bakin titi. Da rani akuya ma tsallake shi take yi. Da damina kuwa, in ya kawo, babu makaranta, babu kasuwa, mai naƙuda sai an ɗora ta a kan ƙyauren ƙofa maza huɗu su ratsa da ita. Ni kaina haka aka ƙetare da ni ranar haihuwar autarmu. Dattawan unguwa, na coci da na masallaci, suka zo tsakar gidanmu suka ce shi suke so ya tsaya. Ya ce musu shi masaƙi ne, bai san siyasa ba. Suka ce ai shi ya sa.

Duk inda ya tsaya neman ƙuri'a magana ɗaya yake yi, cewa in an zaɓe shi, kafin damina biyu za mu taka kwalbati. Allah ya sani ba yaudara ya nufa ba, haka ya ɗauka abin yake. Ranar zaɓe muka dangwala wa ciyaman, wanda dukan ƙaramar hukuma ke zaɓa, muka kuma dangwala wa kansila, wanda na mazaɓarmu ne kaɗai. Ya ci.

Ba a yi wata guda da rantsar da su ba, ya dawo daga sakatariya ya zauna yana kallon tuwo har ya huce. Sai da na matsa ya faɗa mini abin da ya tarar. Ashe kansila ba shi da lebura, ba shi da buhun siminti ko ɗaya. Abin da yake da shi kujera ce a majalisa da hannu ɗaya da zai ɗaga. Ciyaman ne ke kawo kasafin shekara, kansiloli su duba, su yi gardama, su amince. Aikin kansa kuwa yana hannun waɗanda ciyaman ya naɗa, wannan na ayyuka, wancan na lafiya, wani na ilimi. Su ake kira kansiloli masu gafaka. Kunya ta hana shi faɗa wa jama'a. Ni ma ina da nawa laifin, don ni na ce ya bari tukuna, wataƙila hanya ta buɗe.

Damina ta zo ta wuce, rafi yana nan yadda yake. Mata suka tare wani ɗan jam'iyya a bakin kasuwa suna tambaya, ya ba su amsa a tsaitsaye cewa ai namu ba shi da gafaka. Mama Tabita, shugabar zumuntar matan cocinmu, ta ɗauki maganar yadda ta ji ta. A ƙauyensu gafaka jakar fata ce da mai wa'azi ke sa littafinsa a ciki. Ta tara mata a ɓoye, ko ni ba a gaya mini ba. Hajiya Asabe mai koko ta shiga, Maman Chidi mai shagon kayan miya ta shiga. Wata Lahadi da la'asar sai ga su sun cika mana tsakar gida, Mama Tabita a gaba, riƙe da baƙar jakar fata mai makulli.

"Baban Rahila," in ji ta, "an ce rashin gafaka ne ya hana ka yi mana gada. To ga ta nan. Me ya sa ba ka faɗa ba tun tuni, ɗana? Mu ba naka ba ne?"

Dariya ta kusa kufce mini, ni da na yi sakandare na san abin da kalmar ke nufi. Da na dubi fuskarsa sai dariyar ta koma. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora a gwiwa. Sannan ya roƙe su su zauna. Ya ce ya yi musu alkawarin abin da ba ya hannunsa, kuma ya gane haka tun tuni ya ɓoye, su yafe masa. Ya ɗauki tsinke ya zana musu a ƙasa: ga ciyaman, ga waɗanda ya naɗa, ga majalisa, ga shi nan ɗigo ɗaya a cikinta. Ya ce sai fiye da rabin kansiloli sun yarda kafin kwalbatinmu ya zauna a kasafi.

Na zaci za su tashi da fushi. Mama Tabita ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta nuna sauran ɗigogin da sandarta.

"Waɗannan fa, daga sama suka faɗo? Ba su da uwaye?"

Daga nan aikin ya koma hannun mata. Ta hanyar zumunta da kasuwa da biki aka gano uwar wannan, da gwaggon wancan, da matar wani da ke sarin doya tare da Maman Chidi. Da ya gaya musu ba a hana kowa zama ya saurari majalisa, sai muka riƙa cika bas muna zuwa duk ranar da za a taɓa kasafi. Mu zauna a bencin baya da ankonmu, ba ma cewa uffan. Shi kuma ya koyi ɗaga hannu wa rijiyar wani ƙauye da rufin asibitin wata mazaɓa da bai taɓa takawa ba, don ranar tasa su tuna. A shekara ta uku kwalbatin ya shiga.

Sai dai kafin a zuba siminti wa'adinsu ya ƙare, aka sa kantoma, a hannunsa aka yi aikin. Da zaɓe ya sake zagayowa, aka ce Bitrus ya yi shekara uku ba a ga komai ba, jam'iyya ta ba wani takara. Abin ya ci ni fiye da shi. Ya ce mini, "Maman Rahila, ruwa ya taɓa tambayar sunan wanda ya yi gada?" Masaƙa ta riga ta rufe, ya koma noman masara har ciwo ya kwantar da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ina jin zai so na'urar da aka taɓa kawo mana ta jefa ƙuri'a, don mutum ne mai son inji. Zai kasa kunne ga gardamar da ake yi a rediyo kan a bar ƙananan hukumomi su riƙe abinsu da kansu. Amma zai yi baƙin ciki ya ji jikokinsa sun san sunan shugabannin ƙasashen waje, ba su san na kansilansu ba. Abin da zai fi ɓata masa rai shi ne ya nemi Hajiya Asabe a ce masa tun bayan rikicin da ya raba garin nan bayan rasuwarsa ta koma ƙetaren kogi, sai dai waya.

Bai bar mana gida mai bene ba, babu allon da ke ɗauke da sunansa. In na auna, abin da ya rage nasa shi ne ranar da ya zauna gaban mata ya ce bai sani ba, ya kuma koya mana abin da ya gano. A zaɓen da ya wuce wani matashi mai neman kansila ya zo zumuntarmu, ya ce zai shimfiɗa mana kwalta har ƙofar coci. Mama Tabita ta daɗe da rasuwa. Surukarta Saratu ce ta miƙe, ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi ko ciyaman ɗin da yake bi ya san da zancen, kuma kansiloli nawa ya riga ya samu da za su tsaya masa. Ya waiwayi waɗanda suka rako shi. Ya ce zai je ya bincika ya dawo. Muka ce Allah ya kai shi lafiya, muna nan kowace Alhamis.