Daɓen Garejin da Ya Kayar da Mai Kunne

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, tara ga watan Agusta, da hantsi, aka bugo mini waya daga asibiti cewa Mai Kunne ya cika. Shi ne bakaniken da garejinsa ke jingine da shagona na kayan mota. Shekara da shekaru bangonmu ɗaya, inuwarmu ɗaya, butar alwalarmu ɗaya.

Yaya Mai Kunne, ba a banza ka ci wannan suna ba. Mota za ta shigo tana tari, ka karkata kai kamar mai sauraren gulma, ka ce wa mai ita, "Kashe ta, Alhaji, waya ce ta saki." Ni kuwa na riga na sauko da sabon famfo daga kanta. Na sha ce maka, "Kai ne za ka talauta ni." Sai ka yi dariya ka ce, "Yi kukanka da ido ɗaya, na san ɗayan yana kan riba." Direbobi nawa ka tayar wa mota a bakin hanya, ka karɓi "Allah ya saka" ka dawo?

Amma zuciyata a tafashe take, kuma ba zan ɓoye ba. Kowa a layinmu ya san daɓen garejin nan yana zufa. Lokacin da za a zuba siminti, birkila ya ce a shimfiɗa leda a ƙasa don ta tare danshi. Mai ginin, wanda kake haya a wurinsa, ya ce, "Ledar da za a binne, wa zai gan ta?" To, ruwa ya gan ta. Damina na faɗuwa sai ƙasa ta jiƙe sharkaf, kwalaye su ruɓe, kayan aiki su yi tsatsa. Ka ɗora kayanka a kan katako, ka sayi fanka, kuma kullum da safe kana barbaɗa dusar katako daga wurin kafinta, kana cewa, "Kada ɗan mutane ya faɗi a wurina."

Bana mai ginin ya tashi ƙawata gininsa. Ana tsakiyar ruwa ya sa aka shafa wa jiƙaƙƙen daɓe fenti mai ƙyalli, ya kuma hana dusa, wai tana ɓata wuri. Fentin ya kumbura, ruwa ya kwanta a kansa kamar mai a faranti. A gabana ka yi masa magana. Ya ce, "Raɓa ce, rana za ta shanye." Rana, a ɗaki mai rufin kwano!

Ranar Litinin ka rungumo batir, ƙafa ta zame, ƙeyarka ta daki bakin ramin duba mota. Ba ka sake magana ba.

Mai ginin ya zo gaisuwa da babbar riga, ya nemi sahun gaba, ya ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai ja da ajali. Amma ni ɗan kasuwa ne, na san mai rufe ruɓaɓɓen kaya da sabon kwali in na gan shi. Tabarmar makoki ba a naɗe ba ya ja ƙaninka gefe, wanda yanzu ciyar da marayunka ke wuyansa, ya ce ya buɗe ya ci gaba da aiki, zai sa a ƙara fenti.

Ba za mu bari ba. Mu 'yan layi mun garƙame ƙofar da kwaɗonmu, sai an fasa daɓen, an shimfiɗa leda, an zuba sabo mai kaushi. Kafin nan ƙaninka yana aiki a rumfar shagona, a busasshiyar ƙasa. Ni da ake cewa ko inuwa ba na bayarwa kyauta, ga shi ka sa na bayar.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙaninka, da dukan direbobin da suka yi rashi. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya yafe kurakuranka. Kai da ka yi shekaru kana tsare ƙafafun mutane daga santsi, Allah ya tabbatar da taka a kan Siraɗi. Amin.